Kunun da Bango Ya Ƙi Sha

Duk wanda ya saba shiga kasuwar San Roke a birnin Kito ta ƙofar 'yan kayan miya ya san Baltazara, ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar gajeruwar nan mai baƙar malfa da ke zama a gindin matakala, buhun ɗanyen wake a gefe, tasa a kan cinya. Shekara talatin da 'yan kai tana yi wa masu rumfa ɓarar wake, har hannunta ya daina neman izinin ido. Tana iya kallonka tana ba ka labarin rigimar da aka yi jiya a layin 'yan kifi, yatsunta suna ta aikinsu, ƙwaya na zuba a tasa, ɓawo na faɗuwa ƙasa. Matan layin suna ce mata Inji. Sunan yana mata daɗi, ko da yake takan ɗaure fuska in an faɗa.

'Yar Yanarumi ce, can saman duwatsu, inda ba abin da ke jure sanyin sai dankali da tumaki da mutanen da ba su san wani wuri ba. A can ta auri Nikanor, dogo mai sanyin hali, wanda ko kare bai iya kora da ƙarfi ba. Ita ta matsa aka sauko Kito, kuma duk mai son ganin laifinta sai ya fara jin dalili. 'Ya'yanta biyu na fari tari ya ɗauke su a sanyin nan, ɗaya bayan ɗaya, tun ba su fitar da haƙori ba. Da ta samu ciki na uku ta ce wa Nikanor ba za ta sake haihuwa a inda sai an yi tafiyar yini kafin a ga likita ba. Ta ƙulle kayanta a mayafi ta bi hanya, ko maƙabarta ba ta waiwaya ba. A birni aka haifi Nubiya, ta kuwa rayu, ta yi makaranta. Yanzu tana aiki a wani kantin magani, tana da miji da 'yar yarinya mai suna Sisa.

Nikanor dako ya kama. Igiya a goshi, buhu a baya, daga motar kaya zuwa rumfa, daga rumfa zuwa motar kaya. Amma gangar jikinsa ce kawai ta sauko birni. Ko yaushe hira ta yi hira sai ya ce, "Bana dai mu lallaɓa, badi mu koma gida." Ya faɗi haka Nubiya tana goye, ya faɗa tana makaranta, ya faɗa ranar bikinta, har 'yan dako suka laƙaba masa Tayta Badi, wato Baba Badi. Baltazara ba ta taɓa ce masa a'a ba. "To, Allah ya kai mu," take cewa, ta ci gaba da wakenta. Ta san maganar ba ta da ranar cika, kuma ina jin shi ma ya sani.

Abu ɗaya ne bai taɓa bari ya wuce shi ba. Duk ƙarshen Oktoba, in mortinyo, wani ɗan itacen daji, ya nuna a kan tudu, sai ya rataye igiyarsa ya hau mota zuwa Yanarumi. Yakan yi ranar matattu a can, ya dawo da sauran 'ya'yan nan baƙi-baƙi masu shuɗi a bokiti, leɓensa da yatsunsa duk sun rine. Mortinyo ba ya yarda a shuka shi, mutane sun gwada sun gaji. Inda ya ga dama yake fitowa, cikin ciyawar tudu inda iska ke yanka kunne, kuma in babu shi babu kolada, kunun da muke dama wa matattunmu. Ana sayar da shi a kasuwa kofi-kofi, amma Nikanor ya ce wanda hannun baƙo ya tsinka, matattunka ba sa gane shi. Kowace shekara yakan ce, "Zo mu je, Balta, ki gaida yaran." Kowace shekara takan ce aiki ya yi yawa. Ba aiki ba ne. Ƙananan kaburburan nan biyu take tsoro, shi kuwa bai taɓa tilasta mata ba.

Wata safiya ya ɗauko buhun albasa, ya kai tsakiyar matakala, ya durƙusa, ya sauke buhun a hankali don kada kayan mutane su zube, ya jingina da shi. Ko da aka kira Baltazara daga gindin matakalar, ya riga ya cika. Nubiya da mijinta suka yi duk abin da ake yi. Baltazara kuwa tana zaune kamar wadda aka doka a ka, duk abin da aka tambaye ta sai ta ce to. Sai da ta ga an ɗaga akwatin gawar sama ana tura shi cikin wani rami a jikin bangon maƙabarta, jeri na can sama, an toshe bakin da siminti, sannan ta gane inda aka kai shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zancen ƙasarsu, ko a ƙasa ba a sa shi ba.

A wajenmu ranar biyu ga Nuwamba ba kuka ake zuwa yi maƙabarta ba, cin abinci ake zuwa yi. Ka shimfiɗa mayafi a kan kabarin naka, ka jera dankali da wake da burodin nan mai siffar jarirai, ka zauna ka ba shi labarin shekara: wa ya yi aure, wa ya haihu, saniyar wa ta faɗa kwazazzabo. Sannan ka tona ɗan rami wajen kansa ka zuba masa koladarsa, ƙasa ta shanye, ka san ya sha. To ina Baltazara za ta zuba? Tsani guda ne na ƙarfe, layi ake bi a hau. Takan jira har a zo kanta, ta hau, ta ɗora kofi a ɗan bakin simintin. Tana buɗe baki za ta fara ba shi labari, na ƙasa za su soma, "Mama, a yi sauri mana, mu ma da namu!" In ta koma bayan kwana biyu sai ta tarar da kofin cike yadda ta bar shi, kunun ya yi fata a sama, ƙudaje sun mutu a ciki. Ba ta gaya wa kowa ba, amma abin yana cinta a rai: mijinta yana can sama da ƙishirwa.

A shekara ta huɗu wani ma'aikacin maƙabartar ya tare ta, ya ce wa'adin ramin ya kusa cika, ko a sabunta ko a kwashe ƙasusuwan, akwai masu jira. Nubiya ta ce a sabunta kawai a huta. Baltazara ta ce a'a, kuma wannan ne a'a na farko da ta faɗa tun ranar mutuwar. Ta san Nikanor ya kafa wani baƙin dutse kusa da kabarin yaran, ya sha gaya mata nan ne wurinsa. Shirinta ba shi da wuya: ta je ta nemi izinin mutanen garin, ta kai shi a binne, ta dawo bakin wakenta, ta riƙa zuwa sau ɗaya a shekara kamar yadda shi yake yi. Ana saura kamar mako biyu ranar matattu ta hau motar Yanarumi.

Yayar Nikanor, Mama Petrona, tana bakin murhu tana jefa wa ɓerayen masar ɓawon dankali lokacin da Baltazara ta leƙa ƙofa. Tsohuwa ce mai kaifin harshe. Mutanen garin sukan ce in ta gaishe ka, ka duba jikinka ko jini na zuba. Ta ɗago ta dubi baƙuwar tun daga takalmi har malfa.

"Ikon Allah! Matar birni ce da kanta? Ko direban ne ya ɓata hanya?"

"Ina wuni, Mama Petrona. Na same ku lafiya?"

"Lafiyar ke nan kike gani. Shigo mana, ko hayaƙi zai ɓata miki kaya? Zauna can, kar ki taka min dabbobi."

Ta zuba mata romon sha'ir mai zafi, sai da ta ga ta shanye sannan ta bar ta ta faɗi abin da ya kawo ta. Baltazara ta faɗa. Petrona ta tura itace cikin wuta.

"Gobe za mu hau tudu," ta ce. "Ba na maganar matattu da hannu wofi. In dai kin tuna hanyar."

Ta tuna hanyar. Ƙirjinta ne ya manta. Sun fita da sassafe, kowa da bokitinta, Petrona a gaba tana dogara sanda, Baltazara a baya tana haki. Da suka wuce gonar dankali ta ƙarshe, gajimare ya sauko ya rufe garin a bayansu, ba a jin komai sai iska cikin ciyawa da ƙarar tsumagiyar wani makiyayi can nesa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinta, sai ta ji wani abu ya saki a ƙirjinta wanda ba ta ma san a ɗaure yake ba. Nan ta yi kiwo tana yarinya. Nan Nikanor ya fara yi mata magana, ya ba ta mortinyo cike da malfarsa, ya kasa cewa komai sai "yana da zaƙi bana." Daɗi ya kama ta, irin daɗin da ke zuwa da kunya.

Suka samu wuri a gefen wani dutse, 'yan gajerun itatuwan sun yi baƙi da 'ya'ya. Petrona ta durƙusa da ƙyar, ta soma tsinka ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga kowanne kusa da ido kafin ta jefa a bokiti. Baltazara ta dube ta, tausayi ya kama ta: tsufa ya gama da matar nan. Ita kuwa hannunta yana taɓa reshe ya kama aikinsa. Idonta yana kan duwatsu, zuciyarta tana wajen Nikanor, yatsu suna shara, 'ya'ya suna zuba. Rana ba ta kai tsaka ba bokitinta ya cika.

"Mama Petrona, ko in taya ki ne? Na ga naki ko gindi bai rufe ba."

"Iye! Har kin cika? Lallai Nikanor ya ce Inji suke ce miki a kasuwa. Kawo mu ga aikin birni."

Ta sa hannu ta ɗebo, ta baza a tafinta. Nan take fuskarta ta canza.

"Kin ci?"

"Ban ci ba. Nikanor nake tara wa."

"Kin gode wa Allah. Wannan mene ne?"

"Mortinyo mana."

"Juya shi."

Baltazara ta juya. Gindinsa sumul yake, yana sheƙi. Mortinyo na gaske yana da 'yar cibiya mai ƙananan haƙora a gindinsa. Wannan tagli ne, wanda ke fitowa a tsakiyar mortinyo, reshe cikin reshe, launi ɗaya, girma ɗaya. Babba ya ci ya yini yana amai yana ganin duwatsu suna tafiya. Ƙaramin yaro ya ci da yawa, sai abin da Allah ya yi. Shi ake fara koya wa ɗan Yanarumi tun kafin a koya masa addu'a. Baltazara ma uwarta ta koya mata, da mari ma kuwa. Amma hannun da ya shekara talatin yana aiki ba ido, ba ya tsayawa juya komai.

Petrona ta shimfiɗa mayafinta ta juye bokitin a kai. Kusan rabi tagli ne.

"Da wannan za ki dama masa? Da wannan za ki cika wa jikarki kofi?"

Baltazara ta tuna jikarta. Sisa ba ta wasa da kolada, kofi biyu take sha ta lashe baki ta miƙo a ƙara. Ita da ta gudu daga tudun nan don kada ya sake cinye mata yaro, yau ga abin da ta cika bokiti da shi da hannunta. Ta zauna a jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Petrona ma ta zauna. Ta ja zanenta sama ta nuna gwiwoyinta, sun kumbura sun yi suntum.

"Dubi nan da kyau. Kin san dokar garin nan, ba a canza ta don kin tafi ba. Gidan da ba a fita gayya da sunansa, ba shi da ruwa a rafi, ba shi da kiwo a tudu, ba shi da wuri a maƙabarta. Kin zaci dutsen da ya kafa ne ke tsare masa wuri? Dutse yana haƙa hanyar ruwa? Mijina ya yi ta fita da sunan ƙanena har mijin nawa ya mutu, na ɗauka daga inda ya tsaya. In yi tawa, in yi ta Nikanor. Bana na je na gaya wa Tayta Hilariyo, shugaban gayya, na gaji. Ya ce in babu mai tsaya wa gidan, ana gama ranar matattu za a cire dutsen. Maƙabarta ta cika, akwai waɗanda za su mutu da fartanya a hannu, su ma suna son wurin kwanciya."

"Sai in riƙa aiko da kuɗi a ɗauki wani ya yi."

"Ji ta! Nan kasuwa ce? Hayaƙi suke so su gani yana fita daga ɗakinku, ba dala ba. Ki kawo ƙashi ki ajiye min ki gudu, ki zo sau ɗaya a shekara ki ba shi tagli? Ina da matattuna, Baltazara, sun ishe ni."

Ta share hanci da bayan hannu. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Ga kuma yaran nan naki. Tun da ubansu ya mutu ni nake ba su. Nakan ce musu, ga shi in ji uwarku, aiki ne ya riƙe ta. Na gaji da yi wa jarirai ƙarya."

Baltazara ba ta yi kuka ranar da aka tura Nikanor cikin bango ba. A nan ta yi, da ƙarfi, baki buɗe, har makiyayin can nesa ya daina kaɗa tsumagiyarsa. Petrona ba ta rarrashe ta ba. Ta bari sai da ta gaji don kanta, sannan ta jawo mayafin tsakaninsu.

"To ya isa. Zo mu tsince. Yi a hankali, nan ba mai biyanki a kan buhu."

Suka yi ta tsincewa har rana ta karkata, a ɗauka, a juya, a duba. Hannun Baltazara sai fizgewa yake yana son gudu, tana tsawata masa kamar yaro mara ji. Can sai babban yatsanta ya fara gane 'yar cibiyar tun kafin ido ya gani. Abin da suka samu duka bai kai rabin bokiti ba. Da suna saukowa suka bi ta gefen maƙabarta, Baltazara ta tsaya a bakin katanga. Ta hango baƙin dutsen, da ƙananan gicciye biyu kusa da shi an shafa musu farar ƙasa sabuwa. Ta kasa ɗaga ƙafa ta shiga.

"Taho," in ji Petrona. "Sun jira shekara talatin, mako biyu ba zai kashe su ba."

A Kito aka yi ta da Nubiya. Baltazara ta tarar da ita tana guga, ta zauna a bakin gado ta gaya mata: za ta kai ubanta gida, kuma ba za ta dawo ba.

"Mamita, kina jin abin da kike faɗa kuwa? Ki koma ina? Ɗakin da rufinsa ya rufta? Ke da ko yayyafi aka yi sai kin kwana kina tari?"

"Za a gyara rufin."

"Baba ya mutu, Mamita. Ba ya jin ƙishirwa, ƙashi ne! Sisa kuwa da ranta. Wa zai ɗauko ta daga makaranta? Wa zai yi mata kitso? Za ki bar mai rai ki bi ƙashi?"

"Na sani, 'yata."

"Ba ki sani ba! Ke da bakinki kika ce garin nan ya cinye miki 'ya'ya biyu."

"Na faɗa. Na sauko da ke a ciki don ki rayu, kin rayu, har kin haifi taki. Abin da ya kawo ni ya ƙare. Shi kuwa bawan Allah kullum yana cewa badi, ina ce masa Allah ya kai mu, alhali na san ƙarya nake yi. In na bari aka cire dutsen nan, shi ke nan, a bango zai dawwama."

Nubiya ta kife dutsen guga ta fita, ta yi kwanaki ba ta yi mata magana. Ni dai ban ga laifin Nubiya ba. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Abin da ya fi yi wa Baltazara ciwo Sisa ce, da ta zo ta zauna a cinyarta tana tambaya ko a can ma akwai talabijin, da kuma ranar da za ta dawo.

A kasuwa matan layi suka yi mata caa. "Inji za ta koma noma! Wa zai ɓare mana wake, ko so kike mu mutu a kan buhu?" Ta ba maƙwabciyarta tasarta da kujerarta, ta yi dariya tare da su, ta fita ta wata ƙofar don kada ta bi ta matakalar.

Ranar da aka fasa simintin, aka miƙo mata Nikanor a ƙaramin akwati wanda bai fi na sabulu ba. Ta ɗaure ƙugu za ta ɗauki nauyi, sai ta ji shi sakayau. Dogon mutumin nan da ke ɗaukar buhu biyu a tashi ɗaya, abin da ya rage ke nan. Ta ɗaure akwatin da tsohuwar igiyarsa, ta sa a goshi yadda yake yi, ta goya shi har tasha. Kwandasta ya miƙo hannu zai karɓa.

"Kawo nan, Mama, kaya a ƙasa ake sawa."

"Ba kaya ba ne."

"To mene ne, zinariya? Kawo mana, kina tsare hanya."

"Mijina ne. Ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin kayan mutane, yau ba zai shiga cikinsu ba."

Kwandastan ya cire hularsa ya matsa gefe. A kan cinyarta Nikanor ya koma gida.

Mazan garin suka haƙa ramin a gindin baƙin dutsen. Kafin a sa shi, Tayta Hilariyo, shugaban gayya, ya tsaya gaban jama'a ya yi tambayar da ake yi: "Wa ke tsaya wa gidan Nikanor?" Baltazara ta ce ita ce. Ya dubi hannayenta, ya dubi takalminta na birni, ya ce, "To. Asabar akwai gyaran hanyar ruwa. Ki zo da fartanya da abincinki."

Tana can har yanzu. An gyara rufin, amma yana yoyo ta kusurwa ɗaya. Tarin da Nubiya ta faɗa ya same ta, ba ya barinta sai rana ta fito. A wajen gayya ita ce ta baya, matasa sukan rage mata aiki ba tare da sun nuna ba. A kan tudu kuwa duk Yanarumi babu mai jinkirin tsinka kamarta, yara ma suna wuce ta, ba mai ce mata Inji. Nubiya ta huce rabi-rabi, takan bugo waya in an samu layi, Sisa ta karɓa ta yi magana kaɗan ta gudu wajen wasa. Yarinyar ta fara mantawa da ita, Baltazara ta sani, kuma ba ta ɓoye cewa abin yana mata zafi. In ka tambaye ta ko ta yi nadama ba ta cewa e, ba ta cewa a'a. Sai ta ba ka labarin ranar matattun farko.

Ta jiƙa garin baƙar masara tun da kwana biyu. Da safe ta dama shi da mortinyon da suka tsince, ta sa kirfa da kanumfari da ganyen lemo da mazarƙwaila, Petrona tana tsaye a kanta tana cewa ya yi ruwa, ya yi kauri, zai kama. Duk safiyar idon Baltazara yana kan hanya. Mota ta zo, mutane suka sauko da furanni, babu Nubiya. Direban ne ya kira ta ya miƙo mata leda, ya ce daga Kito. Burodi ne guda biyu masu siffar jarirai, an zana musu ido a karkace, da gani hannun Sisa ne. Babu wani saƙo.

Maƙabarta ta cika maƙil, kowa a kan nasa, ana ci ana hira ana miƙa wa juna akushi. Wannan karon ta shiga. Ta shimfiɗa mayafinta, ta kwantar da burodin nan biyu a gindin ƙananan gicciyen, ta kira sunayen da ba ta furta ba tun tana da ƙuruciya, Anselmo da Delfina. Ta zuba musu kaɗan-kaɗan, irin yadda ake ba jariri.

"Ni ce," ta ce musu. "Ba aiki ba ne ya riƙe ni."

Sannan ta juya wajen sabuwar ƙasar. Ta tona ɗan rami da yatsunta wajen kansa, ta cika kofi, ta zuba. Kafin ta ɗauke hannu ƙasa ta shanye. Ta sake cikawa ta zuba, ya sake ɓacewa. Ta cika na uku.

"Ke, ki bar wa masu rai mana," in ji Petrona, amma muryarta ba kaifi, kuma ba ta hana ta ba.

"Ƙyale shi ya sha, Mama Petrona. Ya daɗe bai sha ba."

Ta kifa kofin a kan ƙasa, ta gyara zama. Babu tsani, babu mai cewa ta yi sauri. Ta rasa ta inda za ta fara ba shi labarin shekara huɗu, sai ta ɗebo 'yan mortinyon da suka rage a aljihunta, ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta jera masa a kan baƙin dutsen.

"Yana da zaƙi bana," ta ce.